Kalmomin da Na Koya wa Inna a Hayyul Ashir

Shekararmu ta biyu a Alƙahira ita ce wadda zaman ɗaki ya fara cina. Maigidana yana karatun digiri na uku a jami'ar addini, ya fita da sassafe sai bayan la'asar. Ni kuwa ina hawa na huɗu a wani bene a unguwar Hayyus Sabi', daga kicin sai bakin taga. Yaranmu biyu mun bar su a Gusau wajen mahaifiyata don kada karatunsu ya katse. Kafin mu taho na shekara takwas ina koyar da darasin zamantakewa a wata sakandaren 'yan mata, amma a nan ba ni da izinin aiki. Izinin zamana ma, wanda ake kira iƙama, a jikin na maigidana yake rataye. In nasa ya ƙare, nawa ya ƙare.

Ranar Alhamis nakan shiga ƙaramar motar haya in tafi unguwar Hayyul Ashir cefane, don a can ake samun busasshiyar kuɓewa da gyaɗa da zoɓo a shagunan 'yan Sudan. Wata rana ina tsaye a wani shago ina waya da mahaifiyata, da na gama sai matar da ke auna mini kuɓewa ta ce, da Hausa, in na sake kira in gaida mata mutanen gida. Na dube ta da kyau. Lulluɓin Sudan ne a jikinta, yatsunta da baƙin lalle, babu abin da zai nuna maka Bahaushiya ce. Ta ce kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka fito, ita ba ta taɓa ganin Nijeriya ba, amma a gidansu da Hausa aka raine su. Shagon ba nata ba ne, aiki take yi wa mai shi. Za ta girme ni da kamar shekara goma, saboda haka Yaya nake ce mata.

Mun yi wata biyu muna gaisawa kafin ta san ni malama ce kuma ina jin Turanci. Ranar da ta sani ta ajiye ma'auni ta ce don Allah in daure in zo in ga mahaifiyarta.

Gidan yana wani lungu bayan kasuwa, sai ka sauka matakala biyar kafin ka kai ƙofa. Ɗaki biyu ne, su a ɗaya, wasu mutanen a ɗayan. Tagar tana daidai da ƙasan titi, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani, bangon kuma ya sha danshi har fentin yana zuba. A kan gado na tarar da tsohuwar, ta haura saba'in, da farin lulluɓi da tabarau mai kauri. Hannuwanta na fara lura da su, manya ne kamar na namiji, ta ɗora su a gwiwa. Unguwarzoma ce ta asibiti, ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa a wani gari na bakin kogin Nilu a Sudan, kudu da birnin Madani, kafin yaƙi ya koro su. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce in tashi in zauna kusa da ita ta ji Hausar ƙasar Hausa. Tata Hausar ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabona da su tun kakata na da rai, ga Larabci yana shiga tsakani. Tun ranar nake ce mata Inna, ita kuma tana ce mini Malama.

Ta ciro wasu takardu huɗu daga ƙarƙashin matashi. Ɗanta na Amurka, ya daɗe a can, ya shigar da takardun ɗaukarta. Shi ya turo wannan ta waya, Yaya ta kai aka buga. Jerin kalmomi ne da Turanci, kowace da bayaninta, irin waɗanda ake tambayar mai son zama ɗan ƙasar: yadda Ingila ta mallake su, koken da suka yi, haƙƙin ɗan Adam, 'yancin kai. Na karanta na gaya mata gaskiya, cewa wannan jarrabawa ba a yin ta sai mutum ya isa can ya zauna shekaru. Ta ce ta sani, ɗan nata ya faɗa mata. Amma kanta ya tsufa, abin da yaro zai haddace a wata ɗaya ita sai ta shekara, kuma tunda zaman jira take yi, gara ta jira da wani abu a hannu.

Muka tsayar da Litinin da Laraba, da hantsi. In na zo ta dafa mini shayi mai kanumfari a ɗan risho, in karanta kalma ta maimaita, ta rubuta yadda ta ji ta da baƙaƙen Larabci a wani littafin awon ciki da ta taho da shi, sannan in fassara mata da Hausa. Bakinta bai saba ba. Kalma ɗaya sai mu yi sau ashirin, tana dariya tana cewa harshen Nasara ƙashi gare shi.

Da farko na ɗauka aiki ne mai sauƙi, domin irin wannan na koyar shekara da shekaru. Na ce mata yankuna goma sha uku ne da sarkin Ingila yake mulka daga nesa, mutanen ciki suka gaji suka ce ba sa yi. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane, irin namu ke nan. Ta tambaya baƙaƙe ne ko jajaye irin Larabawa. Na ce Turawa ne, jikokin waɗanda suka taso daga Ingilar. Sai ta cire tabarau.

"To wa suka tarar a wurin?"

Na ce akwai mutanen ƙasar na asali, an ture su gefe, an karɓe filayensu.

"Su ma sun rubuta nasu koken?"

Na ce ba ya cikin wannan takardar. Ta mayar da tabarau ta ce mu ci gaba, amma ranar ba ta ƙara dariya ba. Da zan tafi ta ba ni labarin kakarta, wadda ta baro ƙasar Sakkwato tana yarinya, lokacin da Nasara suka ci ƙasar, mutane suka ɗaure kaya suka nufi gabas don kada su zauna ƙarƙashinsu. Shekaru suka yi a hanya, su yi noma damina ɗaya su ƙara gaba, suna binne nasu a garuruwan da ba su san sunansu ba. Da suka iso bakin Nilu suka tarar Nasaran nan dai su ke mulki. Inna ta ce kakarta in ta zo nan a labarin sai ta yi ta dariya har ta share ido, su kuma yara su taya ta, ba su san abin da ake wa dariya ba.

Shafi na biyu shi ya fi ɗaukar mana lokaci. Kalmar da ke samansa na fassara mata da koke-koke, ita ta ce da Larabci mazalim ke nan. Jerin abubuwan da mutanen suka ce sarki ya yi musu ne. Ya ɗora musu haraji ba da yardarsu ba. Ya hana su ciniki da wanda suka so. Alƙalai sun zama 'yan amshin shatansa. Duk waɗannan ta saurara tana cewa haka ne, haka ake yi. Akwai kuma wata jimla da ta so ƙwarai, wadda ke cewa mulki ba ya halatta sai da yardar waɗanda ake mulka. Ta sa na maimaita mata ita da Hausa har sau uku.

Sai muka zo kan wanda ke cewa sarki ya zaunar da sojojinsa a cikinsu, har a gidajen mutane. Na karanta na fassara, ina shirin wucewa, na ga ta rufe littafinta.

Ba ta taɓa ba ni labarin yadda suka fito ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar ta faɗa, a hankali, idonta na kan taga. Masu bindiga bakwai ne suka shigo gidanta da safe. Babbansu ya gaishe ta da ladabi, ya kira ta Hajja, ya nemi makullin ɗakin ajiya. Suka ɗauki ɗakin baƙi da na marigayi mijinta, suka bar ta da Yaya a kicin. Kwana tara suka yi tare. Ba wanda ya dake ta. Suna cin abincinta, suna wanka da ruwan randarta, suna ɗaure motarsu a jikin bishiyar lemun da ta shuka. A rana ta shida wani ƙarami a cikinsu ya fito tsakar gida sanye da farar jallabiyar mijinta, wadda ta ninke ta ajiye tun rasuwarsa, ya juya a gabanta ya tambaye ta ko ta yi masa kyau. Ta ce masa ta yi. Bayan kwana uku maƙwabta suka samo babbar mota, aka ɗora ta a kan buhuna.

Na ce mata ma'alish, kalmar da kowa ke faɗa a garin nan in abu ya fi ƙarfinsa. Ta ce ba komai. Sannan ta tambaye ni, waɗancan mutanen da suka rubuta kokensu, sarkin ya karanta? Na ce ban sani ba ko ya karanta da kansa, amma dai ya isa gare shi.

"Sun ji daɗi," in ji ta. "Sun san sunan wanda ya cuce su, sun san inda yake kwana. Ni in na rubuta nawa, wa zan kai wa?"

Tana da katin ofishin 'yan gudun hijira, da wata 'yar takarda mai ɗauke da ranar da za su sake ganinta, ranar kuwa tana can gaba da nisa. Ta nuna mini su ta mayar. Ranar na koma gida a ƙasa, ban shiga mota ba, ina tafe ina tuna yadda nake rubuta irin waɗannan kalmomi a allo a Gusau, 'yan mata suna kwafa, in ce musu su haddace zai fito a jarrabawa.

Maigidana bai so yawan zuwana Ashir ba. A lokacin ana tare baƙi a titi ana duba takardu, wanda tasa ta ƙare a wuce da shi. Ya ce in riƙa tafiya da fasfo, in dawo kafin azahar. Amma yakan tambaye ni inda muka kai. Da na gaya masa mun shiga haƙƙoƙin da suka ce kowane mutum yana da su tun asali, rai da 'yanci da neman jin daɗin zama, sai ya ce ai malamanmu sun riga su, ya lissafo mini kare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, ya ce in kai mata. Na kai mata. Ta ce a gaishe da Malam, ta san wannan tun tana makarantar allo.

Ni na fassara mata kalmar da haƙƙin da aka haifi mutum da shi. Fassarar ta ba ta dariya. Ta ce ita dai shekara arba'in tana tarbar masu fitowa, ta ga abin da suke zuwa da shi, cibiya ce da mabiyiya, ba ta taɓa ganin wanda ya riƙo haƙƙi a hannu ba. Da dariyar ta lafa sai ta ce amma akwai gaskiya a ciki. Ta karɓi ɗan attajiri, ta karɓi ɗan mai wankau, ta karɓi na matar da ba a san mijinta ba, kukansu ɗaya, kuma duk wanda bai yi kuka ba gudu ɗaya take yi a kansa. Rai dai Allah ne ya ba shi, ba mai cewa a kawo shaida. Sauran kuwa sai da takarda. Mahaifinta a Sudan aka haife shi, a can ya yi noman auduga har ya tsufa, amma duk lokacin da ya je neman takardar zama ɗan ƙasa sai a ce ya kawo shaidar asalin kakansa, a kira shi da sunan da ake kiran duk wanda ya fito daga yamma. Ya rasu bai samu ba. Ita ma sai da ta shiga aikin asibiti wani likita ya tsaya mata.

Ta tambaye ni ko waɗanda suka rubuta wannan magana suna da bayi. Na ce da yawansu suna da su. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce namu ma sun karanta littattafai kuma sun ajiye bayi, mu wuce.

'Yancin kai ba mu daɗe a kansa ba, don ta ce wannan ta gan shi da idonta. Tana 'yar ƙarama mahaifinta ya ɗora ta a wuya suka je filin gari, aka sauke tuta aka ɗaga wata, aka raba alewa. Abin da ta fi tunawa shi ne gidan Baturen gona mai jan rufi. Bayan Baturen ya tafi wani ya shiga, mahaifinta kuma ya ci gaba da cire takalmi tun daga bakin shinge. Duk da haka kalmar Turancin ta shige ta da wuri, ta fi kowace zama a bakinta, har takan faɗe ta ita kaɗai tana zuba shayi.

Mun kai wata biyar a haka. Wata Alhamis na je shago, Yaya ta ja ni bayan buhunan gyaɗa. Ƙanenta na Amurka ya kira. An dakatar da shigar mutanen ƙasarsu can, takardun Inna sun tsaya, ba a ce an ƙi ba, ba a kuma ce ga ranar da za a duba ba. Lauyan da ya gani ya ce zai iya zama shekaru. Yaya ta ce sun yi shawara da ƙanen nata ba za su gaya mata ba tukuna, saboda hawan jininta, kuma karatun nan shi ne abin da ke tashinta daga kwance. Ta roƙe ni in ci gaba da zuwa kamar ba abin da ya faru. Na ce to. Ban ko yi gardama ba, kuma na san dalili: ni ma ba na son in rasa Litinin da Larabata.

Mako uku na yi ina zuwa. A cikinsu ne ta fi ƙoƙari. Ta haddace shafi biyu da rabi, in faɗi kalma ta ba ni ma'ana, in faɗi ma'ana ta ba ni kalma. Ta ɗinka wata 'yar jaka ta zane da za ta rataya takardunta a wuya ranar tafiya. Ta tambaye ni irin takalmin da ake sawa a ƙanƙara, da ko gwiwarta za ta jure sanyin. Ni da ban taɓa zuwa ba na zauna ina ba ta amsa, har na ce a kasuwar Ataba za a sami mai gashi a ciki. Nakan dawo gida in kasa cin abinci. Maigidana ya ce ko dai in gaya mata ko in daina zuwa, na ce ba hurumina ba ne.

Wata Laraba na sauka matakalar na yi sallama, ta amsa. Ba risho, ba shayi, ba littafi. Ashe wata maƙwabciyarsu da ta ji labari a wajen 'yan uwanta ta shigo jiya yi mata jaje. Na zauna a bakin gado inda na saba. Ta bar ni na gama gaisuwa.

"Malama, yaushe kika sani?"

Na ce mako uku ke nan.

"Kika zauna nan kina gyara mini baki."

Na fara cewa saboda lafiyarta ne, ta ɗaga hannu.

"Waɗanda suka rufe ƙofar ba su san ni ba. 'Ya'yana kuwa tsoro ne ya kama su, na yafe musu. Ke fa? Ke kika karanta mini cewa ba a yanke wa mutum abu sai an tambaye shi. Sau uku na sa kika faɗa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in gaida Malam, ta juya ta fuskanci bango. Na fito na tsaya a lungun, wani mai keken burodi yana ta buga mini ƙararrawa in kauce, ban ji ba sai da ya taɓa ni.

Wata guda ban taka Ashir ba. Na koma sayen kuɓewa ɗanya a kusa da mu ina shanyawa a baranda. Ranakun Litinin da Laraba nakan share gidan da na riga na share. Na rubuta saƙo zuwa ga Yaya ya fi sau biyar ina gogewa.

Ita ce ta kira ni. Ta ce Inna ta ce za ta koma gida. An ce masu bindiga sun bar garinsu, mutane sun fara komawa, ana shiga jirgin ƙasa zuwa garin Aswan, daga can a hau mota. Yaya ta yi kuka, ɗan ya kira ya yi ta roƙo, ya ce ba asibiti, ba wuta, ta ƙara haƙuri ko shekara ɗaya. Ta saurare su duka ta ce ta ji. Yaya ta ce tunda haka ne ba za ta bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Kuma Inna ta ce in zo.

Na tarar an ɗaure kaya, jaka uku da katifa a naɗe. Ta rame. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta kama kafaɗata da hannun nan nata ta ce halas, ya wuce, ita ma in yafe mata, ta yi mini magana mai zafi a ɗakinta. Ta ce ranar da aka fito da ita ɗora ta aka yi a mota kamar buhu. Takardun Amurka ma ɗanta ne ya ga ya dace, ita ta bi. Wannan karon ita ta ce, ko da kuskure ne.

Ba zancen karatu ta kira ni ba. Ɗanta ya aiko mata magungunan wata shida ta hannun wani, rubutun jikinsu duk Turanci. Ta ce in karanta mata kowanne. Muka baje su a kan gado, ina karantawa tana rubuta wa kowane kwali da Larabci, na safe, na dare, na bayan abinci. Wasu ta fi ni saninsu, tana jin sunan sai ta ce wannan na fitsari ne, wannan yana sa jiri. Muka yi awa biyu a kai. Ta dafa shayi, muka sha, ta tambayi yarana da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta ce kada in bari su manta fuskata.

Ban raka su tasha ba. A makon fasfunanmu suna ofishin sabunta iƙama, maigidana ya ce ba zan shiga taron baƙi a tashar Ramsis ba takarda ba, kuma gaskiyarsa ne. Da hantsi Yaya ta turo mini hoto daga cikin jirgi, Inna a bakin taga, ta rufe rabin fuskarta da lulluɓi.

Sun kwana shida a hanya. Bayan mako biyu saƙon murya ya shigo. Gidan yana tsaye. Ba ƙofa ko ɗaya, ba taga, an zare wayoyin wuta daga bango, an haƙa rami a tsakar gida ba su san na mene ne ba. Sun rataya buhu a ƙofar ɗaki ɗaya suna kwana a ciki. Muryar Inna ta fi ƙarfi fiye da yadda na santa a Ashir. Ta ce maƙwabta uku sun dawo, kuma tun kafin ta huta an zo an ɗauke ta a amalanke, wata yarinya tana naƙuda ba kowa a asibiti. Idonta ba ya gani sosai, amma ta ce wannan aiki da hannu ake yinsa. Namiji aka samu.

Saƙo na biyu gajere ne, iska tana kaɗawa a ciki, gaisuwa ce kawai da tambayar Malam. Daga nan sai shiru. Nakan tura gaisuwa ta kwana goma ba ta shiga ba.

Da damina ta yi nisa a can Yaya ta kira, layin yana yankewa. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Sun nemi ƙarin ruwa a garin ba su samu ba. An binne ta kusa da mijinta, mutane sun taru fiye da yadda aka zata, da yawansu ita ta karɓe su. Ɗanta bai samu zuwa ba. Na tambaya ko ta bar wata magana, Yaya ta ce a'a, barci take ta yi.

Ranar sadakar bakwai na dafa shinkafa da miyar gyaɗa a babbar tukunya, maigidana ya taya ni saukowa da ita, na ɗauki tasi zuwa Ashir. Na nufi gidan da nufin in ba waɗanda suka zauna tare, na tarar su ma sun tashi. Wata mata da ba ta jin Hausa, Larabcinta kuma bai fi nawa ba, ta buɗe ƙofa tana kallona da tukunya. Na ba ta haƙuri na hau matakala na koma bakin kasuwa, inda mata masu shayi ke zama a jikin katanga. Na ajiye a gabansu na ce sadaka ce. Suka kira masu gyaran takalma da wasu dattawa biyu, aka kawo faranti. Wata a cikinsu ta tambaye ni ta wace ce, na ce ta uwata ce, ta rasu a Sudan. Ta nemi sunanta, na faɗa, suka ɗaga hannu suka yi mata addu'a suka shafa. Na jira aka cinye, ɗaya ta ɗauraye mini tukunyar da ruwan butarta, na ɗauka na tafi neman mota, don azahar ta kusa kuma ban ɗora na gida ba.